Kwalaben Baba a Bakin Taga

A layin nan kaf babu wanda bai san Madam Sabulu ba, ko da yake har yau ba a haifi mai kiranta haka a gaban idonta ba. Mace ce da in baƙo ya tashi daga kujerarta, kafin ya kai bakin ƙofa ta riga ta bi wurin da tsumma. Tana da wata farar riga mai dogon hannu da take sawa in za ta yi shara, da safar hannu ta roba, da takunkumin rufe hanci, sai ka rantse tiyata za ta shiga. Mijinta malamin firamare ne, bawan Allah mai sanyin hali. Shekara goma sha tara yana tuɓe takalmi tun daga bakin ƙofar gida, kuma har yanzu ba a amince masa ya taɓa labule ba.

To wannan matar ce aka haɗa da kwalabe.

Mahaifinta shekara talatin da huɗu ya yi a ɗakin gwaji na asibiti. Ba likita ba ne, kada a ƙara masa girma. Shi ne mai zama a bayan 'yar taga, yana karɓar fitsari da kaki da sauran abin da ba a faɗa ana cin abinci, ya manna filasta a jikin kwalba, ya rubuta lamba, ya jera a tire, masu ɗauka su zo su wuce da shi ciki. Da matarsa ta rasu, gigin tsufa ya kama shi, sai aka yi zaman 'yan'uwa. Matan ƙannen Madam kowace ta samo ciwon baya a ranar. Ita ce babba, ita aka kawo wa.

Da fari abin bai fi mantuwar hula da makulli ba. Daga nan ya koma kiran surukinsa masinja. Malam bai damu ba, amsawa yake yi, har ya rusuna. Sunan Madam kuwa ya ɓace masa gaba ɗaya, sai dai “baiwar Allah”.

Wata safiyar Talata ta shiga ɗakinsa da tsintsiya, wani zarni ya dake ta tun daga ƙofa. Ta duba katifa, a bushe. Ta duba ƙarƙashin gado, fes. Da ta ɗaga labule sai ga su a jere a bakin taga: robar ruwa biyu, kwalbar zuma da ta ƙare, da kwalbar maganin tari. Kowace da ruwa rawaya zuwa rabi, kowace da filasta a ciki, da lamba da kyakkyawan rubutu, don hannun tsohon bai manta komai ba. Ta fita da gudu, ta yi kakari a makwarara har idonta ya kawo ruwa.

Ta kwashe, ta zubar, ta wanke tagar da ruwan zafi. Washegari ta tarar da shida. Ta ɓoye duk wata roba da kwalba ta gidan, sai ya koma kan kofunan tangaran ɗinta masu bakin zinare, waɗanda ko mijinta bai taɓa shan ruwa a ciki ba. Huɗu ya ɗauko daga kabad, ya rufe kowanne da faranti don kada ƙura ta shiga. Mutum ne mai tsaftar aiki.

Abin da ya ƙure ta shi ne na firij. Malam ya dawo daga makaranta da rana tsaka, maƙogwaro a bushe, ya buɗe firij, ya ga wata roba mai sanyi tsakanin madara da tumatir. Har ya kwance murfi. Allah ya taimake shi da hanci.

“Uwargida,” ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, yana riƙe da robar nesa da jikinsa, “wannan lamba tara ɗin, na baƙi ne ko namu?”

Ba ta yi dariya ba. Ta fizgi robar da tsumma, ta nufi ɗakin tsohon. Yana zaune a kujera gaban taga, biro a aljihu, ya ɗora hannu bisa hannu kamar mai jiran layi ya motsa.

“Baba, mene ne wannan?”

“A mayar da shi wurin sanyi, baiwar Allah. Zai lalace.”

“Fitsari ne, Baba. Fitsarinka. A firij ɗina, inda nake ajiye abin da muke ci.”

“Na mutane ne. Mai lamba tara tun asuba take zaune a benci da goyo.”

“Babu benci, babu goyo, babu asibiti. Ka bar aiki shekara goma sha shida ke nan. Nan gidana ne. Ni 'yarka ce. Dube ni da kyau.”

Ya dube ta da kyau, kamar yadda ta ce, bai ga kowa ba. Ita kuwa gani take in ta faɗa da ƙarfi, ta maimaita, gaskiya za ta shige shi kamar ƙusa. Ta tattaro duk abin da ke bakin tagar a bokiti, ta jawo hannun rigarsa har ƙofar banɗaki, ta tsiyaye su ɗaya bayan ɗaya a gabansa, ta kora ruwa.

“Ka gani? Nan ne wurinsa. Nan ake yi.”

Tsohon ya tsaya yana kallon ruwan na juyawa.

“Kin zubar da aikin mutane,” ya ce. “Me zan ce musu?”

Ya koma kujerarsa. Daga ranar ya rufe baki. Ta kawo shayi, ya juya kai. Ta kawo ruwa, ya matse leɓe kamar an ɗinke. Malam ya gwada, aka ce masa masinja ba ya shiga abin da ba nasa ba. In an matsa masa sai ya ce, “Me za a sha? In an kawo ma zubarwa ake yi.” Bakin taga ya zama fes, gida ya daina zarni, Madam ta samu abin da take so.

A kwana na uku leɓensa ya tsage, idonsa ya faɗa. Suka kira likitan da ke duba shi. Ya tsunkuli fatar bayan hannun tsohon, fatar ta tsaya a tsaye ta ƙi komawa.

“Ƙodarsa ba ta yaro ba ce,” in ji likita. “In zuwa gobe da la'asar bai sha ruwan kirki ba, ku kawo shi, sai ƙarin ruwa. Kuma kin san yadda aka yi bara.”

Ta sani. Bara da aka kwantar da shi, sau uku yana fizge allurar, har sai da aka ɗaure hannayensa da bandeji a ƙarfen gado. Kwana biyar yana roƙon duk wanda ya gifta ya kwance shi, yana cewa shi ma ma'aikaci ne a nan, bai saci komai ba. Madam na iya jure abubuwa da yawa in dai an goge su, amma wannan ya ƙi goguwa.

Washegari da hantsi sai ga Gwaggo, ƙanwar tsohon, mai sayar da kifi a kasuwa. Malam ne ya kira ta a ɓoye. Gwaggo mace ce da ƙarninta ke riga ta sallama. Haƙoranta uku, kuma duka ukun na faɗa ne. Madam na da wani tsohon zani da take shimfiɗa mata a kujera, Gwaggo kuma kullum sai ta ɗage shi ta zauna a kan kujerar tsirara.

Ta ji labari tun daga taga har firij. A wurin lamba tara ta yi dariya har da tari.

“Malam, ka ɗanɗana ko?”

“Ban kai ba, Gwaggo.”

“Da ka sha, ai na gida ne.” Ta share ido da gefen mayafi, ta juyo kan Madam. “Ke kuma da kika zubar, me kika ce masa?”

“Gaskiya na faɗa masa. Ya bar aiki, nan ba asibiti ba ne.”

“Ya gode miki?”

Gwaggo ta ɗora da wata tambayar.

“Sau nawa kika faɗa masa uwarku ta mutu?”

“Duk sanda ya tambaya.”

“To sau nawa ya yi miki sabon kuka? Ke 'yar nan, tun kina ƙarama kike da gyaran magana. In an ce ƙarfe biyu sai kin ce saura minti uku. Mutum yana can shekara talatin baya, kina nan kina ƙwala masa kira ya taho. Da wace ƙafar? Ke mai ƙafa ki je.”

“Ƙarya kike so in yi wa ubana?”

“Fitsari kika ci, kaki kika yi makaranta da shi, shi ya saya miki sabulun farko. Matsa in wuce.”

Ba ɗakin ta shiga ba. Waje ta zagaya, ta bi ta bayan gida, ta ƙwanƙwasa gilashin tagarsa. Madam na laɓe a bakin ƙofa tana leƙe.

“Ma'aikaci, ina kwana? An ce in kawo fitsari.”

Tsohon da kwana uku ko kai bai ɗaga ba, sai ga shi ya gyara zama, ya laluba aljihu ya ciro biro.

“Iya, yau ba ma karɓa,” ya ce, murya a dishe. “Masu ɗauka sun daina zuwa. Kwana da kwanaki. Wata mata ce ke shigowa tana ɓarna.”

“Ashsha. To bari in je ofis in yi magana.”

Ta dawo falo, ta zauna a inda ba zani.

“Kin ji. Mai ɗauka yake jira. Ni ba zan yi ba, ya riga ya gan ni a layi, kuma babu ma'aikaciyar da ke warin kifi. Ina farar rigar nan taki da duk unguwa ke yi wa dariya?”

“Wa ke yi mini dariya?”

“Kowa. Je ki sa.”

Aka aiki Malam kemis ya sayo ƙananan robobi masu murfi. Madam ta sa farar riga, ta sa safar hannu biyu-biyu, ta ɗaura takunkumi, ta ɗiga turare a cikinsa. Wajen zaɓen tire aka daɗe. Duk wanda ta ɗauka sai ta tuna ranar da ta saye shi. A ƙarshe Gwaggo ta zaro mata na baƙi, mai zanen furanni, ta danna mata a ƙirji.

“Kada ki ce Baba. Kada ki gyara masa komai. In ya ce yau Lahadi, Lahadi ce.”

Ta tura ƙofa. Ɗakin ya ɗauki warin bakin wanda bai ci ba bai sha ba, turaren takunkumi ya gauraya da shi ya zama wani abu na uku. Ta ƙarasa ciki.

“Ina kwana, Malam. Na zo ɗaukar kwalabe.”

Ya dube ta daga sama har ƙasa, ya tsaya a kan tiren.

“Sabuwa ce ke?”

“Sabuwa ce.”

“An kyauta. Ina ta aikawa.” Ya rage murya. “Ki yi hankali, akwai wata mata a nan, mai tsawa. Ban san wanda ya ɗauke ta aiki ba. Fuska kamar an aiko mata da mutuwa. Ta kama ni ta riga, ni da furfurata, ta zubar da na mutum bakwai.”

Bakinta ya buɗe a bayan takunkumi, gyara ya taso har maƙogwaro. Shida ne, ba bakwai ba. Ta mayar da shi.

“Ba ta kyauta ba,” ta ce.

“Ba ta kyauta ba. Wataƙila tana da damuwa a gida.” Ya sunkuya, ya sa hannu cikin takalminsa na fita da ke ƙarƙashin kujera, ya zaro wata 'yar kwalbar man shafawa. “Wannan na ɓoye mata. Na yau ne.”

A cikin takalmi. Madam ta rufe ido ta buɗe. Abin da ke ciki bai fi cokali uku ba, ja-ja, mai kauri. Ta miƙa tire, amma bai ɗora ba. Ya ɗaga kwalbar saitin hasken taga, ya karkata ta, ya girgiza kai.

“Zo ki gani, tunda sabuwa ce ke. Matso, ba ya cizo.”

Ta matso. Kwalbar na dab da hancinta.

“Kin ga kalarsa? Kamar shayin da ya kwana. Mai wannan ba ya shan ruwa. Ƙodarsa na wahala. Ki je ki ce masa ya sha kofi shida, ya sake kawowa.”

Madam ta tsaya riƙe da tire. A bakin ƙofa ta ji numfashin Gwaggo da ƙarninta.

“An faɗa masa, Malam,” ta ce a hankali. “Ya ƙi. Taurin kai gare shi.”

“Tsoho ne?”

“Tsoho ne.”

“Haka suke. Tsawa kuka yi masa, na sani. Ku yaran yanzu kuna tsaye a kan mutum kamar masu karɓar haraji. Ba a tsaye ake ba tsoho ruwa ba. Zama za ki yi, kanki daidai da nasa. Ki tambaye shi mutanen gida. Ki zuba ruwan, ki fara sha a gabansa, a kofin da za ki ba shi. In ya ga kin sha, ba ki ƙyamace shi ba, zai karɓa. Ɗauko ruwa in nuna miki.”

Akwai jug ɗin ruwa a kan tebur tun jiya. Kofin da ke kusa da shi kuwa, na tangaran ne mai bakin zinare, ɗaya daga cikin huɗun nan. Ta wanke shi da ruwan zafi sau biyar, ta bar masa shi don ta riga ta yafe shi har abada. A gindinsa har yanzu akwai danƙon filasta.

Ta ajiye tire. Ta jawo 'yar kujera ta zauna, gwiwarta na gogar tasa. Ta zuba ruwa. Ta sauke takunkumi zuwa haɓa, warin ɗakin ya shigo mata gaba ɗaya. Ta kalli kofin, kofin ya kalle ta. Ta kafa baki ta yi kurɓi biyu, na biyun sai da ya yi yunƙurin dawowa, ta danne shi da ƙarfin hali.

“Yawwa. Sai ki miƙa da hannu biyu.”

Ta miƙa da hannu biyu.

“Ya mutanen gida, Malam?”

“Lafiya lau. Kin ga, sai shi kuma ya karɓa haka.” Ya karɓa, ya kai baki don ya nuna mata. Maƙogwaronsa ya motsa sau ɗaya, ya tsaya, sai kuma ya ci gaba, ƙwat, ƙwat, har ya ga gindin kofi. Ruwa ya bi gemunsa ya sauka a riga.

“Ban gane sosai ba,” in ji Madam. “A sake nuna mini.”

“Kai, an kawo mana mai kan katako.”

Ta sake zubawa, ta sake sha a inda leɓensa ya taɓa, da ɗan yawu-yawu a bakin zinaren. Ya sake nuna mata. A kofi na uku ya jingina da kujera yana kallon hannayenta.

“Safa biyu kika sa. Kin yi daidai. Mu a zamaninmu babu. Kin tuna mini da 'yata, babbar. Ƙyanƙyami gare ta tun tana shekara huɗu. In na dawo aiki ƙannenta su rugo su rungume ni, ita sai ta tsaya nesa ta toshe hanci, wai Baba warin asibiti. Sai na wanke hannu sau uku tana ƙirgawa, sannan ta yarda in ɗauke ta.” Ya yi 'yar dariya, ya juya tafukansa, duk sun yi kanta sun tsattsage. “Har a famfon bakin titi nake tsayawa in fara wankewa kafin in iso. Ban sani ba ko sun taɓa fita a wurinta. Yarinyar kirki ce, amma. Gidanta kamar madubi. Ba na zuwa, kada in ɓata mata.”

Madam ta daɗe tana kallon tafukan. Da su ya riƙe kwalbar da ta fito daga takalmi, kuma bai wanke ba, ta gani da idonta. Ta ja safar farko ta cire, ta ja ta biyu. Ta ɗora hannunta a cikin nasa. Da ɗumi, da ɗan danshi, kuma ba ta san danshin mene ne ba.

Ya bar shi kamar na ƙirga biyar, sannan ya zare.

“Haba ma'aikaciya, ba a gaisawa a bakin aiki. Je ki wanke hannu. Ki bar mini robobin nan.”

Ta je ta wanke. Sau uku, har da burushi, a bar gaskiya a inda take. Gwaggo na tsaye a ƙofar banɗaki tana ƙirga mata da ƙarfi.

Kafin azahar ya nuna mata yadda ake ba tsoho ruwa sau biyar, ya nuna mata da shayi da burodi sau ɗaya. Ita ma ta sha har cikinta ya yi tulu. Mijinta ya leƙo, aka aike shi ya gaya wa masu jira a benci su ƙara haƙuri, ya rusuna ya tafi.

Da la'asar, daidai lokacin da ya kamata a ce suna cikin mota hanyar asibiti, ta shiga da tiren furanni. Robobi uku na jere a bakin taga, kowace da lambarta. Ya ɗaga ta ƙarshen a haske, ya karkata ta. Ta yi fari-fari, rana na ratsa ta.

“Kin gani? Ya fara jin magana. Gobe ƙarfe takwas, kada ki makara.”

“Ba zan makara ba, Malam.”

Ya ɗora mata su ɗaya bayan ɗaya. Ɗuminsu ya ratso ƙarfen tiren har tafin hannunta. Ta ɗauke numfashi, ta juya a hankali don kada su tuntsire, ta ratsa falo, ta wuce Gwaggo da ta miƙe ƙafa a kan kujera tana cin burodi tana zubar da ɓarɓashi.

“Ma'aikaciya,” in ji Gwaggo da baki cike, “ni ma in kawo nawa?”

Madam ba ta iya amsawa ba, don in ta buɗe baki sai ta shaƙa. Ta tura ƙofar banɗaki da ƙafa, ta rufe a hankali yadda ba zai ji ƙarar ruwa ba.